Kiɗan Leningrad na waɗanda suka kaɗa shi da yunwa ne

A ranar 9 ga Agustan 1942, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya kusan shekara guda, wasu makaɗa da yunwa ta rame da su suka hau dandamali, suka kaɗa Simfoni na Bakwai na Dmitri Shostakovich. An watsa shi ta rediyo da lasifika a faɗin birnin, har aka juya wasu lasifikan zuwa sansanin abokan gaba.

Yadda aka kai ga wannan rana shi ne abin dubawa. Da jagoran makaɗan gidan rediyon birnin, Karl Eliasberg, ya kira atisayen farko, mutum wajen 15 ne kawai suka iya zuwa. Sauran sun mutu, ko suna kwance, ko suna fagen daga. Masu busa ba su da numfashin busawa. Sai da aka ƙara musu abinci, aka kuma ɗebo sojojin da suka iya kiɗa, kafin adadin ya cika. Ga shi aikin ba ƙarami ba ne: ya haura awa ɗaya. A kashinsa na farko akwai wani ɗan sauti mai kama da wasan yara da ke tashi a kan bugun ƙaramar ganga, ana ta maimaita shi yana ƙara kauri, har ya zama abin firgici.

Gwamnatin Stalin ba ta yi sanya ba wajen cin moriyarsa. An ɗauki hoton takardun kiɗan, aka bi da su ta Tehran da Alƙahira zuwa Amurka, inda Arturo Toscanini ya jagoranci kaɗa shi a watan Yulin 1942. Amma wannan gwamnatin ce ta ci mutuncin Shostakovich a jaridar Pravda a 1936, ita ce kuma a 1948, bayan yaƙi ya ƙare, ta yi tir da salonsa, ya rasa aikin koyarwa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Shi ya sa bai dace a bar wa wata gwamnati kiɗan nan ya zama kayan farfagandarta ba. A 2008, kwanaki kaɗan bayan yaƙin Rasha da Jojiya, Valery Gergiev ya kaɗa wani ɓangarensa a Tskhinvali, aka jingina wahalar mutanen Leningrad da wani yaƙi da ba su san da shi ba. Wannan rashin adalci ne ga ɗaruruwan dubban da suka mutu a kwanaki 872 na ƙawanyar, mafi yawansu saboda yunwa.

Shi kuwa Eliasberg, da manyan makaɗan birnin suka dawo daga inda aka kwashe su, sai aka koma gefe da shi. A 1964 ya sake tara waɗanda suka rage cikin makaɗansa, suka kaɗa simfonin, aka ajiye kayan kiɗan mamatan a kan kujerunsu.