Ɓerayen da Aka Jinkirta Wa Ruwa

Duk wanda ya taɓa taya babansa ban ruwa a gonakin da ke bakin madatsar ruwa ta Tiga cikin watan Afrilu ya san yadda muke yi: a ci gaba da aiki a rana, in an koma gida da yamma a kwankwaɗi ruwan randa har ciki ya cika. A ganinmu an rama ke nan. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2014 ya sa mu sake tunani.

Masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka sun riƙa sanya ɓeraye a wuri mai zafin kusan digiri 40, rabin awa a kowace awa, sau da yawa a yini, har mako 5. Kashi ɗaya ana ba su ruwa tsakanin kowane zagaye. Ɗaya kashin kuwa sai an tashi aiki ake buɗe musu ruwa, su sha iya son ransu. Da aka duba ƙodojinsu ƙarƙashin madubin ƙara girma, waɗanda aka jinkirta wa ruwa ne ƙananan bututun tace fitsarinsu suka lalace, har suka fara yin tabo.

Me ya jawo haka? Idan zafi ya daɗe, jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, sai hanji da ƙoda su samu kaɗan. Ruwan jiki na raguwa, jini na ƙara gishiri, ƙoda na ta fama don ta riƙe ɗan ruwan da ya rage. Yini ɗaya tana jurewa. Maimaituwar ce ke barin tabo, kuma ƙoda ba ta cika yin ciwon da zai gargaɗe mu ba.

Abin da ya kai masanan ga gwajin shi ne masu saran rake a Nikaraguwa da Salbado, samari majiya ƙarfi, da ƙodarsu ke daina aiki ba tare da ciwon suga ko hawan jini ba. Ɓera ba mutum ba ne, mun sani, amma kamar ta yi yawa.

Saboda haka mu da ke taka doguwar hanya zuwa makaranta a Kiru, ko buga ƙwallo bayan azahar a Tudun Wada, ko kora shanu a gefen dajin Falgore ta Doguwa, mu riƙe gora, mu riƙa kurɓa tun ana cikin rana. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. A wani gwajin na ɓeraye a Mekziko, ruwa mai yawan suga ƙara ɓata ƙodar ya yi. Mu kuma duba fitsarinmu: in ya koma kalar shayi, ruwan ya yi kaɗan.