A Sauke Babban Teburi

Duk wanda ya saba halartar tarurrukan masu rubuta manhajar kwamfuta a Arewacin Nijeriya ya san yadda ranar za ta kasance tun kafin gari ya waye. An rubuta ƙarfe tara a katin gayyata, amma babban baƙo ba zai iso ba sai sha ɗaya ta gota. Sanƙira zai kira manya ɗaya bayan ɗaya zuwa babban teburi, kowanne da jerin muƙamansa. Za a yi jawabin maraba, da na shugaban taro, da saƙonnin fatan alheri, kowane mai jawabi yana sanar da mu cewa duniya ta shiga zamanin fasaha, sai ka ce ba mu ne muka kwana muna fama da ita ba. Kafin a zo kan abin da ya tara jama'a an kira azahar. Bayan salla da abinci sai a tsakura wa masu sana'ar ɗan lokaci, a ɗauki hoto, a raba takardar shaidar halarta, kowa ya kama gabansa.

Ni ɗan Kiyako ne, a ƙasar Birnin Kudu, kuma da wannan sana'a nake ci. Saurayin da ya taso daga nan ko daga Gwaram zuwa irin wannan taro a Kano ya kashe kuɗin mota da wuni guda, wani lokaci har da kwana. Idan ya dawo da riga mai tambari da takardar shaida, alhali matsalar da ta hana manhajarsa aiki tana nan yadda ya bar ta, to an ci amanarsa, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka shirya taron. Abin da nake kira gare shi shi ne a mayar da taron masu sana'a hannun masu sana'ar: su tsara abin da za a tattauna, su yi magana, su saurari juna.

Wannan tsari yana da tarihi. A shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna Harrison Owen ya lura cewa a manyan tarurruka, hirar da mutane ke yi lokacin hutun shan shayi ta fi jawaban da aka sha wahalar shiryawa amfani. Sai ya ƙirƙiro taron da ba a zuwa da jadawali: a zauna a da'ira, duk mai batu ya tashi ya faɗa, ya rubuta a takarda ya manna a bango. Ya kuma kafa ƙa'idar cewa idan ka ga ba ka ƙaruwa a zama kuma ba ka ƙarar da kowa, ka tashi ka koma wani. A 2003 mawallafin littattafan kwamfuta Tim O'Reilly ya fara irin wannan zama da sunan Foo Camp, sai dai da gayyata ake shiga. Waɗansu masu manhaja suka ga bai kamata ƙofa ta kasance a rufe ba, suka shirya nasu cikin kusan mako guda a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, a watan Agustan 2005, suka kira shi BarCamp. Sharaɗinsa ɗaya ne ya fi shahara: babu ɗan kallo, duk wanda ya zo sai ya ba da gudummawa. Kafin shekaru biyar tsarin ya iso Akara da Legas.

Na san za a ce mini wannan al'adar Turawa ce. Ina ganin babban teburin ne baƙo a cikinmu. Wa ya taɓa zuwa gayya da kujera? Kowa da fartanyarsa yake zuwa, mai gona ya tanadi fura, kafin rana ta take an nome abin da mutum ɗaya zai yi mako yana yi. A makarantar zaure kuma ɗalibi ne ke ɗauko littafin da yake buƙata, ya karanta, malam ya warware masa, sauran su ƙaru da abin da ba su zo nema ba. Ko maƙera da majema ba su taɓa jiran wanda bai san zuga-zugi ba ya zo ya buɗe musu hira a kan ƙarfe. Mu ne muka ari ɗabi'ar bikin ƙaddamar da littafi muka jibga wa sana'ar da ke rayuwa da tambaya da amsa.

Abin takaicin shi ne Jigawa ba ta rasa mutane ba. Tun zamanin mulkin Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ga kuma jami'ar jiha a Kafin Hausa. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Duk waɗannan suna fitar da masu takarda. Abin da aji ba ya bayarwa shi ne abokin shawara, wanda za ka nuna wa kuskurenka ba tare da jin kunya ba, ya ce maka shi ma ya taɓa faɗawa wannan ramin, ga yadda ya fita.

Kuma matsalolinmu namu ne. Mai jawabin da aka ɗauko a jirgi ba zai gaya maka yadda za ka gina manhajar da za ta ci gaba da aiki idan sabis ya ɗauke a hanyar ƙauye, ta adana bayanai har ya dawo ba. Bai san cewa dillalin riɗi a kasuwar Sara ƙaramar waya yake riƙewa, kuma saƙon murya ya fi masa rubutu. Bai taɓa ganin manhaja ta ɗauki "ƙasa" da "kasa" a matsayin kalma guda ba, ko ta mayar da ɗ da ɓ akwatunan banza a sunan mutum, har takardarsa ta lalace. Wanda ya warware ɗaya daga cikin waɗannan yana nan zaune a layi na tara yana tafa wa babban baƙo, ba wanda ya tambaye shi komai. Ƙari a kan haka, da Turanci ake jawabin, shi kuwa da Hausa yake tunanin aikinsa. A zaman da mahalarta ke jagoranta ba mai hana shi bayani da harshen da ya fi iyawa, ya jefa kalmar Turanci inda sana'a ta tilasta.

Masu kare tsohon tsari suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa sai da manya ake samun kuɗi, mai ba da kuɗi kuwa yana son a gan shi. Gaskiya ne, amma me ke cinye kuɗin? Zauren otal, da alluna masu hotuna, da jakunkuna, da abincin babban teburi. Zaman mutum talatin yana buƙatar aji biyu na makaranta ranar Asabar, da allo, da wutar sola ko man janareto, da ruwan sha. Karo-karo ya isa. Suna kuma cewa rashin ladabi ne a ƙi karrama manya. Babban da ke ƙaunar sana'ar ya zo ya zauna cikin da'ira, za a ba shi wurin da ya fi inuwa, a saurare shi idan layi ya zo kansa. Girmansa ba zai ragu ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mamaya. Idan aka ce kowa ya yi magana, masu baki ne za su cinye lokacin, mai kunya ya koma gefe, mata kuma, waɗanda dama da ƙyar aka bar su suka zo, su yi shiru har a tashi. Wannan haɗari ne na gaske, kuma cire babban teburi kaɗai ba ya maganinsa. Sai an sa doka. A rubuta batutuwa a takarda maimakon a yi ta ɗaga murya, a zaɓa ta hanyar sa alama. A naɗa mai kula da agogo wanda ba ya jin nauyin kowa. A fara da hantsi a tashi da la'asar, domin 'yar Gwaram ta isa gida kafin magariba. Idan mata sun nemi zama nasu a aji guda, a ba su ba tare da dogon bayani ba.

Saura masu cewa ai ba mu da ƙwararrun da za su koyar. Wannan maganar ita ta fi ɓata mini rai, domin ita ce ta zaunar da mu muna jiran Legas da Abuja. Wanda ya koyi abu watan jiya ya fi kowa iya koya wa wanda zai koye shi wannan watan, saboda bai manta inda ya yi tuntuɓe ba. Yarinyar da ta haɗa wa kantin magani manhajar lissafin kaya tana da darasin rabin sa'a. Haka mai gyaran injin POS a bakin tasha, haka malamin da ya tsara sakamakon jarrabawar makarantarsa a kwamfuta. A jera sunayen irin waɗannan daga Kiyako zuwa Birnin Kudu, a haɗa da Gwaram da Sara, za a cika allon batutuwa tun kafin a gama shan kokon safe.