Wane Musa Ake Nufi?

Jama'a, duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitocin nan na Kurmi ya san abin da zan faɗa. Nas ta shigo ɗakin maza da tiren allura, ta ɗaga kati ta ce "Musa!" Mutum biyu su amsa. Ɗaya ɗan dako ne mai ciwon sukari, ɗayan kuwa maigadi ne da aka yi wa aikin ƙaba. To, idan allurar insulin ta mai sukari ta sauka a jikin mai ƙaba, sukarin jininsa zai faɗi warwas, ya yi ta gumi, ya suma. In ba a farga da wuri ba, sai a wayi gari ana shirin kai gawa maƙabartar Agege, mu kuma mu ce kwana ne ya ƙare.

Ba na cewa nas-nas mugaye ne. Wallahi na ga mace ɗaya tana riƙe da ɗaki guda cike da majinyata tun magariba har asuba. Ƙorafina yana kan makarantun da ke koyar da su.

Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kafin a ba majinyaci magani, ko ƙarin jini, a tabbatar da shi ta hanya biyu, misali suna da ranar haihuwa, kuma kada a dogara da lambar ɗaki. Magana mai kyau. Amma mu nawa muka san ranar haihuwarmu? Ga sunayenmu kuma ba su da yawa: Musa, Sani, Ibrahim, Usman. Sannan a bakin wasu ma'aikata kowannenmu "Malam" ne ko "Aboki". Mutumin da ba ya jin Turanci ko Yarabanci, kome aka tambaye shi sai ya gyaɗa kai, don kunya da ganin girman farar riga.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya, wadda ke tsara karatunsu, da ta sa wannan cikin jarrabawar aiki. Kada ɗaliba ta ce "Kai ne Musa?" Ta ce "Faɗa mini sunanka da na mahaifinka," ta gwada da lambar katinsa. In ba sa jin harshen juna, ta nemo tafinta. Wadda ta tsallake wannan ta faɗi, kome iya allurarta. Kuma ɗalibar da ta yi kuskure ta zo ta faɗa da bakinta, a gyara mata ba da tsawa ba, domin wadda aka kunyata yau gobe ɓoyewa za ta yi.

Mu ma da namu. Sarakunan Hausawa na Sabon Ibadan da Shagamu da Idi-Araba su ware samari masu jin harshe da za su riƙa raka marasa lafiya. Mai jinya kuma ya riƙe katin a hannu, in an zo da allura ya tambaya cikin ladabi: "Sista, ta wa ce, kuma ta mece ce?"