Filin Kimiyya: Gishirin da Ba a Bari Ya Huce



Kowa ya san aibin wutar lantarki mai aiki da hasken rana: da magariba, daidai lokacin da aka fi bukatarta, rana ta riga ta faɗi. To, a garin Warzazat na ƙasar Maroko an samo dabara. A tashar Noor III, wadda ta fara aiki a 2018, dubban madubai ne ke tattara hasken rana a ƙololuwar wata doguwar hasumiya, inda yake gasa narkakken gishiri har zafinsa ya kai wajen digiri 565 a ma'aunin Selsiyus. Sai a tara shi cikin ƙaton tanki. In dare ya yi, a tafasa ruwa da zafinsa, tururin ya juya inji, a ci gaba da ba da wuta har wajen awa 7.

Kada wani ya zaci gishirin miya ne. Wancan ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801. Wannan haɗi ne na sinadarai biyu: kashi 60 cikin 100 sodiyam naitiret, kashi 40 fotasiyam naitiret, irin wanda ake sawa a takin zamani da albarushi. Shi tun wajen digiri 220 yake narkewa, ya riƙa gudana kamar ruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a wannan aiki sanyi ne babban abin tsoro. Ku tuna yadda man ja ke daskarewa cikin kwalba da hunturu, a juya a juya ya ƙi zuba. Haka gishirin nan yake: da zafinsa ya sauko wajen digiri 240, ya fara daskarewa ke nan, ya toshe bututu. Narkar da shi kuma sai an bi a hankali, don kuwa gishirin yana kumbura in yana narkewa. In aka gasa tsakiyar bututu alhali bakinsa biyu a toshe suke, yana iya fashewa. Shi ya sa ake naɗe bututan da wayoyin ɗumamawa a lulluɓe su, da yamma kuma a tsiyaye gishirin da ke saman hasumiya ya koma ƙasa. Tanki na biyu, wanda ma'aikata ke kira "mai sanyi", zafinsa wajen digiri 290 ne. Ruwa fa a 100 yake tafasa!

Shi ma zafin bai bar su sun huta ba. A 2024 tankin gishiri mai zafi na Noor III ya yi yoyo, aka rufe tashar watanni da dama, sai a 2025 ta koma aiki.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.