Binciken Ruwa: Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A watan Fabrairun 2018 aka yi babban taro a Abuja kan yadda za a ceto Tafkin Chadi, inda mahalarta suka goyi bayan shirin nan na Transaqua, wato haƙa magudana mai tsawon kusan kilomita 2,400 domin janyo ruwa daga rassan Kogin Kongo zuwa Kogin Shari, aikin da aka ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 50. Hujjar da aka kafa ita ce tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Shekara biyu kacal bayan taron, a 2020, sai wasu masana, galibinsu daga cibiyoyin Faransa, suka fitar da binciken da suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, wanda ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da tsukewa ba a cikin shekaru ashirin da suka gabaci binciken.

To, mai karatu, wa za mu gaskata? Abin takaicin shi ne mu da muke shan ruwan, muke cin kifinsa, muke noma a bakinsa, ba mu da isassun alƙaluman da muka auna da hannunmu waɗanda za mu raba gardama da su. Hatta mafi yawan abin da aka sani game da kifayen tafkin da ruwansa a shekarun 1960 da 1970, masanan hukumar ORSTOM ta Faransa ne suka tattara shi. Ra'ayina shi ne ba ƙarancin masana ne ya kai mu ga wannan hali ba. Abin da ya kai mu shi ne yadda kowace cibiya ta rungume ɗan kayan aikinta, ta kulle ƙofa.

Cibiyoyin dai akwai su. Akwai Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji na 1968. Akwai Cibiyar Binciken Teku da ke Legas, wadda aka kafa a 1975. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, ga kuma jami'o'i da dama masu sashen nazarin kifi. A sama da su akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, mai hedikwata a Njamena, da Hukumar Kogin Kwara da ke Yamai. Sai dai binciken ruwa aiki ne mai cin kuɗi. Yana bukatar jirgin ruwa, da na'urar auna zurfi da yawan kifi ta hanyar amsa-kuwwa, da na'urar gano dalma da sauran guba a cikin ruwa, da ɗakin sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Babu jami'a ɗaya a Arewa da za ta iya mallakar wannan duka ta kuma riƙe shi. Idan kowace ta ce sai ta sayi nata, abin da za a samu shi ne na'urori goma, kowace ta yi aikin shekara biyu ta tsaya don rashin wani ƙaramin ƙarfe, a lulluɓe ta da leda, mabuɗin ɗakin kuma yana aljihun mutum ɗaya.

Waɗanda suka fi mu dukiya ma ba haka suke yi ba. Tun 1971 jami'o'in Amurka suka haɗa jiragen bincikensu na teku a ƙarƙashin tsari ɗaya, ta yadda malamin da jami'arsa ba ta ko kusa da teku zai rubuta bukatarsa, a duba ingancinta, a ba shi kwanaki a cikin jirgi. Tarayyar Turai ta fara irin wannan a 2009 da shirin Eurofleets. Ƙasar Norwe kuwa, tun 1975 ta haɗa hannu da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya wajen tura jirgin bincike mai suna Dakta Fridtjof Nansen zuwa gaɓar ƙasashe masu tasowa, masanan ƙasashen suna shiga suna aiki a ciki. Kada wani ya ce ai wannan sai Bature. A nan Afirka, ƙasashen Kenya da Uganda da Tanzaniya sun kafa hukumar kifin Tafkin Biktoriya a 1994, kuma sukan haɗu su ƙidaya kifin tafkin tare, domin sun gane cewa kifi ba ya yankar fasfo.

Mu ma ruwanmu bai san iyaka ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga Tafkin Chadi daga kogunan Shari da Logone yake fitowa, wato daga ƙasashen da ba namu ba. Ruwan da aka tare a madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ya sauya yadda ambaliya ke sauka a fadamun Haɗejia da Nguru, har ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Idan an saki ruwan madatsar Lagdo a Kamaru, mutanen Adamawa da Binuwai ne ke kwana a tsaye, kamar yadda aka gani a 2012. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya shafi jiha fiye da ɗaya ko ƙasa fiye da ɗaya, ko kuwa ya fi ƙarfin cibiya ɗaya, don haka binciken da zai yi musu magani ma dole ya zama na taron dangi.

Na san abin da masu adawa da wannan ra'ayi za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce kayan kowa ba na kowa ba ne, idan baƙo ya lalata na'ura wa zai biya? Za su ce wanda ya sha wahalar tattara alƙaluma shekara goma, me zai sa ya miƙa wa wani ya wallafa ya sami ƙarin girma? Amsar ita ce a rubuta ƙa'ida. Na'ura ta ci gaba da zama mallakar cibiyar da take, ƙwararren ma'aikacinta ne kaɗai zai taɓa ta, asusun ƙasa kuma ya biya cibiyar kuɗin kowane yini da baƙo ya yi aiki. Wanda ya tattara alƙaluma a ba shi wa'adin shekara biyu ya fara cin moriyarsu, bayan nan a buɗe wa kowa, da sharaɗin a ambaci sunansa. Da haka cibiyar da ta buɗe ƙofa za ta sami kuɗin gyara, wadda ta kulle kuma ta zauna da kayanta suna tsatsa.

Saboda haka ina kira ga asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta ɗora wa alhakin tallafa wa manyan makarantu, da Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙiro a 2023, da su fara da abu mafi sauƙi: su wallafa jerin duk manyan na'urorin binciken ruwa da aka saya da kuɗin jama'a, da inda suke, da ko suna aiki. Na biyu, kada a sake amincewa da sayen babbar na'ura sai an ware kuɗin gyaranta da albashin mai kula da ita, an kuma keɓe wa baƙi wani kaso na lokacinta. Na uku, a buɗe tsarin ga ɗaliban Difa da Marwa da Njamena, tunda ruwa ɗaya muke sha.

A matsayina na mai nazarin harshe zan ƙara da abu ɗaya da ake yawan mantawa. Akwai wata taska da ba a sayo ta da dala ba, wato ilimin masunta. Basarken Yawuri ko masuncin Argungu ya san lokacin da giwan ruwa ke hayayyafa, ya san inda gaiwa ke kwanciya cikin laka idan ruwa ya janye, yana bambance kurungu da ragon ruwa da tsage da karfasa tun kafin su fito daga koma. Amma sunan kifi ɗaya yakan bambanta daga Yawuri zuwa Baga, kuma Kanuri da Buduma da Nufawa kowa da nasa. Muddin ba a haɗa waɗannan sunaye da na kimiyya a kundi ɗaya da kowa zai iya dubawa ba, alƙaluman da aka karɓa a bakin ruwa daban-daban ba za su haɗu ba. Haka kuma sakamakon bincike ya kamata ya koma wa Sarkin Ruwa da jama'arsa cikin harshen da suke ji, ko da ta rediyo ne, domin su ne za a ce su daina su a wani lokaci ko su canza idon koma.

Kafin mu nemi duniya ta ba mu dala biliyan 50 don janyo ruwa daga Kongo, ya kyautu mu iya faɗin, da awonmu, yawan ruwan da muke da shi a gida. Wannan kuwa ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar hukuma, buɗe ƙofofin da ke kulle kawai yake bukata. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji, Ya sa mu dace.