Kano: Haramcin giya da abin da ake haɗawa a bayan ƙofa

Shekaru fiye da 20 ke nan da jihar Kano ta haramta sha da sayar da barasa, kuma a kai a kai jama'a na ganin hotunan motocin rusau suna niƙe kwalaben giyar da hukumar Hisbah ta kama. To amma akwai wani ɓangare na batun da ba kasafai ake tabo shi ba, wato abin shan da ake haɗawa a cikin gida, mai sa maye da marar sa maye, wanda babu wata hukuma da ke sanin abin da aka zuba a cikinsa.

A shekara ta 2000 ne gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. A 2003, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka kafa hukumar Hisbah bisa doka, sannan a 2004 aka yi dokar haramta giya a duk faɗin jihar. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin arewacin Najeriya ke bi, hukuncin mashayi bulala 80 ne.

Tun daga lokacin, kwalba ce ma'aunin nasara. A watan Nuwamban 2013 Hisbah ta fasa kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a. A 2020 adadin ya kusa miliyan 2, a 2022 kuwa ya haura miliyan 3.8. Dukkansu kayan kamfani ne da ake shigowa da su cikin manyan motoci, galibi ana nufar unguwar Sabon Gari da su. Tare mota a kan hanya abu ne mai yiwuwa. Sanin abin da ke cikin jarka a bayan ɗaki kuwa wani abu ne dabam.

Yadda zaƙi ke komawa maye

Abin da ya sa lamarin ke da wuyar sha'ani shi ne giya ba ta buƙatar masana'anta. Duk ruwan da ke da sukari, na inabi ne ko na abarba ko na dabino, idan ƙwayoyin yis suka same shi a wuri mai ɗumi, za su cinye sukarin su mayar da shi sinadarin itanol, wanda shi ne ke sa maye. Waɗannan ƙwayoyi suna nan a iska da kuma jikin 'ya'yan itatuwa. Ta haka ake samun burukutu daga dawa, da bammi daga ruwan kwakwar manja, tun kafin zuwan Turawa.

Wannan ya shafi har gidajen da ba su taɓa tunanin giya ba. A unguwanni irin su Babban Giji da Gyadi-Gyadi da sauran sassan ƙaramar hukumar Tarauni, mata da dama na rufa wa kansu asiri da sana'ar zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemon citta, ana ɗurawa a robobi yara na kaiwa kasuwa da bakin titi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai maki 40, idan wutar lantarki ta ɗauke firiji ya huce, abin shan da ya kwana ya wuni yakan fara tsami da kumfa, robar ta kumbura. Wannan alama ce ta cewa ya fara juyawa.

Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan iyaka. Imamu Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka yi bayanin cewa jiƙo halal ne matuƙar bai kai ga sa maye ba.

Darasi daga wasu ƙasashe

Tarihi ya nuna cewa idan aka toshe hanyar kasuwa, masu sha sukan koma ga abin da za su iya haɗawa da kansu cikin rahusa. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, amma dokar ta bar wa magidanta damar matse ruwan 'ya'yan itace a gida. Sai noman inabi ya bunƙasa a jihar Kalifoniya, 'yan kasuwa suka riƙa sayar da curin inabi tare da gargaɗin kada a jiƙa shi a ajiye, domin zai zama giya. Kowa ya fahimci saƙon. A shekarun ne kuma dubban mutane suka mutu sakamakon shan barasar masana'antu mai guba.

A Iran, inda aka haramta wa Musulmi giya bayan juyin juya halin 1979, mutane fiye da 700 sun mutu a farkon shekarar 2020 bayan sun sha sinadarin metanol, wasunsu saboda jita-jitar cewa barasa na maganin korona.

Najeriya ma ta ɗanɗana. A watan Afrilun 2015 aƙalla mutane 18 sun mutu a garin Ode-Irele na jihar Ondo, sannan a watan Yunin shekarar wasu kimanin 70 suka rasu a jihar Ribas. A duka biyun an danganta mutuwar da ogogoro mai ɗauke da metanol. Wannan sinadari ba ya bambanta da giya a ido, amma abin da bai wuce cokali ɗaya ba na iya makantar da mutum, cokali biyu ko uku kuwa na iya kisa. Yawanci ba tsamin kansa ne ke haifar da gubar mai yawa ba, masu neman riba ne ke ƙara sinadarin masana'antu domin abin ya yi ƙarfi da arha. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na barasar da ake sha a duniya ba ta bi ta hannun hukuma.

Abin da ya auku a 2021

Sai dai babban bala'in da Kano ta gani daga abin sha a 'yan shekarun nan bai fito daga giya ba. A watan Maris na 2021, gab da azumi, mutane suka fara cika asibitoci da amai da jiri da fitsarin jini. Kwamishinan lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ce mutane 10 sun mutu, kimanin 400 sun kwanta a asibiti, wasunsu da matsalar ƙoda. Bincike ya kai ga garin lemo da wa'adinsa ya ƙare, da kuma ɗan tsamin da ake zubawa a lemon gida. Hukumar NAFDAC ta ce an sayar wa mutane da wani sinadarin masana'antu mai suna haidroksilamin a matsayin ɗan tsami.

Waɗanda abin ya shafa ba mashaya ba ne. Talakawa ne da suka sayi abin sanyaya maƙogwaro, kuma masu haɗawar su ma a kasuwa suka sayi kayan ba tare da sanin ko mene ne ba.

A nan ne giɓin yake. Hisbah na farautar abin da addini ya haramta, NAFDAC kuma ta fi mai da hankali kan kayan da ke da rajista da lamba. Abin da ake damawa a tsakar gida ya faɗa tsakanin hukumomin biyu. Tsadar rayuwa kuma, musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, ta sa mai saye da mai sayarwa duk suna neman abin da ya fi sauƙi.

Akwai kuma batun kunya. Wanda ya sha haramtaccen abu ya fara ganin dishi-dishi zai yi nauyin baki wajen faɗa wa likita gaskiya, alhali gubar metanol na da magani idan aka gaggauta, ciki har da wankin ƙoda, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, a nan cikin Tarauni. Jinkirin sa'o'i kaɗan na iya raba mutum da idanunsa.

Ga dukkan alamu babu wata gwamnati a Kano da za ta sassauta dokar giya, domin jama'ar jihar na goyon bayanta. Abin tambaya shi ne ko za a haɗa ta da sa ido kan masu sayar da sinadarai a kasuwanni, da koya wa masu sana'ar zoɓo da kunu yadda za su gane ingancin kayan haɗinsu. Abin da ya faru a 2021 ya nuna cewa lissafin kwalaben da aka fasa bai isa ya zama shaidar cewa abin da jama'a ke sha ba ya cutarwa ba.