Wayar Salula da Baƙin da ke Neman Wuraren Tarihinmu

Duk wanda ke zaune a Narayi, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, ya san yadda unguwar kan kasance idan watan Disamba ya tasam ma ƙarewa. Iyalai da dama 'yan asalin kudancin jihar nan sukan ɗaure kaya domin zuwa gida, masaukan baƙi na Narayi da Barnawa kuma su cika da mutanen Abuja da Legas da suka zo biki ko hutu. Daga cikinsu akwai masu son kallon bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, akwai kuma masu son ganin wani wuri na tarihi kafin su koma. A da, irin wannan baƙo direban tasha yake tambaya, ko mai masaukinsa. A yau kuwa wayarsa yake fara tambaya, kuma abin da ta gaya masa shi yake bi.

Idan ba a manta ba, a watan Agusta na 2001 aka fara amfani da wayar salula ta GSM a ƙasar nan, lokacin da mallakar layi sai mai hali. Yanzu wayar ta zama taswira, ta zama kyamara, ta zama jakar kuɗi. Tun daga watan Janairu na 2021 mai tasowa daga Abuja na iya sayen tikitin jirgin ƙasa zuwa tashar Rigasa ta intanet. Saboda haka baƙo na iya tsara tafiyarsa tun daga ɗakinsa har ƙofar wurin da zai ziyarta, ba tare da ya yi magana da ko mutum ɗaya ɗan jihar nan ba.

Abin da ya kamata jama'a su fahimta shi ne, manhajar taswira irin su Google Maps ba ta san komai ba sai abin da aka zuba mata. Wuraren da ke cikin garin Kaduna sun yi sa'a ta wannan fuska. Wanda ya nemi Arewa House, tsohon gidan Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ko Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, ko gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Kaduna a 1954, zai samu hotuna da kwatance. Amma da zarar an bar birni sai labari ya sha bamban. Bayanin wurare da yawa na karkara, inda ma akwai shi, wani matafiyi ne da ya ratsa sau ɗaya ya rubuta, sau da yawa da sunan garin a karkace.

Na ga wannan da idona. Wani ɗan yayana da ke aiki a Legas ya sauka a gidana da abokansa biyu, suka ce sai sun je wani wurin tarihi da suka gani a waya. Taswira ta kai su bakin wata gona, nesa da wurin. Da ƙyar wani mai babur ya nuna musu hanya, da suka isa kuma sai suka tarar mai riƙe da mabuɗi ya tafi kasuwar ƙauyen gaba, babu lambar waya a ko'ina, babu allo. Suka ɗauki hoto a bakin ƙofa suka juyo. Abincin rana a Barnawa suka ci. Ko ruwa ba su saya a garin ba.

A nan asarar take, kuma mutumin karkara ta fi shafa. Baƙo zai biya kuɗin masauki a birni ko ya samu abin da ya je nema ko bai samu ba. Amma mai tukwane, da masaƙi, da mai zuma, da mai citta a ƙasar Jaba, da matashin da zai yi jagora, ba sa ganin ko kwabo sai baƙon ya iso, ya zauna, ya ji daɗi, ya gaya wa wani.

Gyaran wannan bai buƙaci kwangila ba. Kowa da ke da babbar waya na iya sanya wuri a taswirar kyauta, ko ya gyara wanda aka sanya ba daidai ba. Aikin da ke gaban jami'an yaɗa labarai da na al'adu a ƙananan hukumomi, tare da hakimai da dagatai, shi ne su zauna su amince da bayani guda a kan kowane wuri: sunansa na gaskiya, ranaku da lokutan da ake buɗewa, abin da ake biya, halin hanya da damina, abubuwan da al'adar garin ta hana, da lambar mutumin da zai ɗaga waya idan an kira. Wannan na ƙarshe ya fi duk sauran muhimmanci. Haka zalika ana iya naɗar muryar dattawa suna ba da tarihin wurin da Hausa da harshen garin da Turanci, a riƙa tura wa baƙo ta WhatsApp. Bukukuwan da ranarsu ke bin ganin wata, irin su Hawan Sallah da Hawan Daushe a Zazzau, su ma sun fi buƙatar sanarwa mai sauri. Tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, wanda ya ji labarin na Kano zai iya neman na Zazzau.

A ganina, bai dace kowace ƙaramar hukuma ta ba da aikin ƙirƙiro manhajarta ta kanta ba. Mutumin da zai yi yini guda a gari ba zai cika wayarsa da sabuwar manhaja ba, balle bayan ƙarin kuɗin kira da data da hukumar NCC ta amince da shi a watan Janairu na 2025. Gara a je inda mutane suke dubawa tun asali.

Sai dai wayar da ke nuna kyawun wuri ita ce kuma ke riƙe da mummunan labarinsa. Wanda ya nemi Kajuru Castle zai ga hotunan ginin a kan dutse, zai kuma ga labarin harin watan Afrilu na 2019 da ya yi sanadin mutuwar baƙi biyu, ɗaya 'yar Ingila. Haka sace Jamusawa biyu masu binciken tarihin Nok a Janjala, Ƙaramar Hukumar Kagarko, a watan Fabrairu na 2017, da harin jirgin ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2022. Babu jami'in da zai iya goge waɗannan, kuma bai kamata a yi wa baƙo ƙarya ba. Idan hanya ba ta biyuwa a wannan mako, wanda ya ɗaga waya ya faɗa masa haka. Bugu da ƙari, rufe layukan sadarwa da aka yi a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 ya nuna cewa allon kwatance a mararraba da ɗan jagora na gari ba su tashi daga aiki ba.

Akwai kuma abin da bai kamata a sanya a waya ba ko kaɗan. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tsinta a wurin haƙar kuza a 1928, wasunsu sun haura shekara 2,500, kuma an daɗe ana haƙe su a ɓoye ana fitar da su zuwa Turai, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sanya su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Hoton da aka ɗauka da waya na iya ɗauke da alamar ainihin inda aka tsaya, ko kuma dutse da bishiyar da ke bayan mutum su tona wurin. Manomin da garmarsa ta tono irin wannan abu, ɗansa kuma ya watsa hoton a Facebook don nishaɗi, ya yi wa masu haƙar sata kwatancen gonarsa. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba tare da izini ba. Wanda ya tsinci wani abu ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa, shi kuma ya isar da maganar ga hakimi da ofishin hukumar da ke titin Ali Akilu a Kaduna.